In an ce miki: “Mu kira wurin da kike aiki yanzu?”

Ƴan uwana mata: shugabannin ƙungiyoyi, masu ajiyar akwati, masu riƙon makulli, masu ƙirga, da duk mai zubi komi ƙanƙantarsa. Ƙungiyoyin da suka yi rabon asusu cikin wannan wata, Allah ya sa albarka, ya sa a ga amfanin abin da aka tara.

A fitowar da ta wuce mun yi maganar haɗa dosiye: takardar haihuwa, ta zama ɗan ƙasa, katin ANPE, takardar gidan shari'a mai nuna ba ki da laifi wadda ba ta wuce wata uku ba, da sauransu. Yau kuma za mu shiga ɗakin da ake yi wa mai neman aiki tambayoyi baki da baki. Tambaya guda zan tsaya a kanta, don ita ke ta dawowa duk inda na zauna da mata, tun daga Gangara har Gidan Sori. An tambaye ki sunanki, karatunki, aikin da kika iya, har hankalinki ya fara kwanciya, sai ɗaya daga cikin masu tebur ya ɗaga kai ya ce: “Madan, mun ga kina aiki a wuri kaza. Kin yarda mu kira shugabanki mu tambaye shi halinki?” Nan take gaba ke faɗuwa, domin shugaban nan bai ma san kin fito neman wani aiki ba. Wani lokaci kuma tun a takardar da ake cikawa ne za ki tarar da tambayar, da gurbi biyu a gabanta, na “eh” da na “a'a”.

Wata za ta ce, mi ya haɗa mu da wannan, mu da muke sana'ar ƙuli-ƙuli da kiwon awaki? To ki duba ƙungiyarku da kyau. Tun bayan yunwar 2005 da aka buɗe wuraren kula da yara masu tamowa, aka fara ɗaukar matan garuruwanmu aiki. Porje na FIDA da ya zauna a Agye, PPILDA, da ProDAF da ya zo daga baya, sun yi aiki da mata masu wayar da kai. Daga 2019 da ƴan uwanmu na Sakkwato, Zamfara da Katsina suka yo gudun hijira zuwa ƙasar Gidan Rumji, aka zaunar da wasunsu a Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori, ƙungiyoyin agaji sun nemi hannu da yawa. Yau a cikinmu akwai malamar karatun manya, akwai mai dafa abincin ƴan lakwal, akwai ƴar sa-kai mai taimaka wa manjo a likita, akwai mai bi gida-gida da salula tana rubuta amsoshi, akwai mai sayar da magani a shagon wani. In ba ke ba ce, ɗiyarki ce ko ƙanwarki. Kuma tun da Amurka ta yanke mafi yawan kuɗin agajinta a 2025, porje da dama sun rage ma'aikata. Wadda ke riƙe da ɗan aiki yanzu, ko na jika 20 ne a wata, ba ta wasa da shi.

Don mi suke tambaya?

Kada ki ɗauka tarko ne aka ɗana miki. Mu kanmu haka muke yi. In baƙuwa ta zo tana son shiga ƙungiya, abin da muke fara cewa shi ne: wa ya san ta? Ɗiyar wa ce, matar wa ce, ta taɓa cin bashi ta biya? Tun 1991 da CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a nan jihar Maraɗi, abin da ya riƙe shi har ya bazu cikin ƙasashe masu yawa shi ne shaida. Ba a buɗe akwati sai a gaban kowa, ba a ba da bashi a ɗaka, makulli ba ya zama hannun mutum guda. To mai ɗaukar aiki ma amana zai damƙa miki: buhunan abincin yara, rajistar sunaye, kuɗin mutane, ko ya tura ki cikin gidajen da maza ba sa shiga. Minti 20 da ya zauna da ke ba su isa ya san ki ba. Dole ya nemi wanda ya ga aikinki.

Abin da suke tambaya a waya bai da yawa. Da gaske ta yi aiki a wurinku, daga yaushe? Tana zuwa kan lokaci? An taɓa samun giɓi a kuɗi ko a kayan da ke hannunta? Yaya zamanta da mutane? In ta dawo gobe, za ku sake ɗaukarta?

Akwai dalili na biyu a wajen manyan ƙungiyoyin waje. A 2018 wani abin kunya ya fito fili game da wasu ma'aikatan agaji da suka ci zarafin mata a ƙasar Haiti, aka kuma gane cewa mai irin wannan hali yakan bar wannan ƙungiya ya faɗa waccan ba tare da an san abin da ya aikata ba. Saboda haka daga farkon 2019 da yawa daga cikinsu suka yi yarjejeniya: kafin a sa hannu da sabon ma'aikaci, sai an tambayi wuraren da ya yi aiki ko an taɓa kama shi da laifin cin zarafi. Wannan doka don kare mu da ɗiyanmu aka yi ta, kuma ana bin ta a kan kowa, namiji da mace. Ke nan a irin waɗannan wurare kiran ba ya faɗuwa. Abin da ke hannunki shi ne lokacin da za a yi shi.

Amsoshi biyu da ke jawo nadama

Ta farko ita ce “eh” ta kunya. Mu mata an yi mana tarbiyya kada mu musa wa babba, balle mutum huɗu a bayan tebur. Na san wata baiwar Allah a wajen Caduwa da ke aiki a wani kilinik mai zaman kansa. Aka yi mata tambayar nan, ta sunkuyar da kai ta ce, “Ba komi, ku kira.” Washegari suka kira. Mai wurin ya ji labarin tafiyarta daga bakin baƙo, ransa ya ɓaci. Ƙarshen wata ya miƙa mata kuɗinta ya ce, “Tun da kin samu wuri, Allah shi ba da sa'a.” Aikin da ta je nema kuwa wata aka ba. Ga shi tana da bashin jika 30 a asusu da ta sayi tunkiya. Sai da ƙungiyarsu ta ɗaga mata ƙafa wata biyu kafin ta farfaɗo.

Ta biyu ita ce “a'a” busassa, a faɗe ta a ja baki a yi shiru. Masu tebur ba su san ki ba, kowa zai cike shirun nan da abin da zuciyarsa ta raya masa: ko ta ci kuɗi ne, ko korarta za a yi, ko ma ba ta aiki a wurin. Ba za su faɗa miki ba, sai dai ki ga ba a sake kiranki ba.

Tsakanin biyun nan akwai hanya, ita ce: “Na yarda, amma ba yanzu ba.” Ga yadda za ki iya jera ta, ki gyara da irin bakinki:

“Ranku shi daɗe, na yarda ku bincika halina, ba ni da abin ɓoyewa. Sai dai shugabana bai san na zo nan ba tukuna, kuma na fi son ya ji daga bakina. In kun tsai da shawara ni za ku ɗauka, ku ba ni kwana biyu in gaya masa, sannan ku kira shi. Kafin nan ga mutum uku da suka san aikina, kuna iya kiransu yau.”

Ki lura da abin da ke cikin maganar nan. Kin nuna ba ki tsoron bincike. Kin faɗi dalilinki a gajarce, kuma dalili ne da kowa a teburin ya sani, don su ma sun taɓa neman aiki suna riƙe da wani. Kin ba su rana, ba ki bar zancen a sama ba. Sannan hannunki bai fito wayam ba, ga sunaye kin miƙa. Wadda ta mutunta shugaban da take shirin bari, sun san haka za ta yi musu in ranarsu ta zo.

In a takarda ne, ki sa alama a “a'a”, ki rubuta a gefe da ƙananan baƙaƙe cewa kin yarda a kira in an zaɓe ki. In Faransancinki bai kai ba, ki sa wani ɗan lakwal da kika amince da bakinsa ya rubuta miki, ba mai kai labari shago ba.

In suka matsa fa?

Wani zai ce, “Mu ƙa'idarmu ce, sai mun kira kafin mu zaɓa.” Kada ki ruɗe. Ki tambaya cikin ladabi: “Yallaɓai, mu nawa muka rage?” In an ce ku biyu ne ko uku, ya cancanci ki nemi kwana ɗaya ki je ki sanar da shugabanki da kanki. In kuwa ku talatin ne a layi a waje, ki ce kin fi son a jira sai an rage yawa. Wataƙila hakan ya sa ki rasa wurin, gaskiya ce. Amma ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, kuma ke kaɗai kika san bakuna nawa ke ci daga ɗan albashin nan. Wannan lissafi a gida ake yinsa tun kafin a hau kabu-kabu, kada ki bari sai kina gaban tebur.

Ba kowa ke cikin hali guda ba

Akwai wadda porjenta ya kusa ƙarewa, kowa ya san ranar rufewa. Ke ba ki da abin ɓoyo. Ki je wurin shugabanki tun kafin ganawar ki ce, “Na ga an yi shelar aiki a wuri kaza, zan gwada. In an kira ka, don Allah ka faɗi abin da ka sani a kaina.” Shugabannin porje sun saba da wannan, wasu ma su ke nuna wa yaransu inda ake ɗauka. Haka ƴar sa-kai da ba ta da albashi sai ɗan ihsani: manjo ba zai ji haushi don kin nemi abin da ya fi ba, shi ne ma babban mai shaidarki.

Akwai wadda ke aiki a wurin mutum guda, mai shago, mai lakwal, mai kilinik, kuma ba takarda tsakaninsu sai baki. Nan ne hatsarin yake, don ranar da ya ga dama ranar ce ta ƙarshe. Abin ya fi nauyi in mai wurin ɗan uwan maigidanki ne, ko shi ya taimaka lokacin da aka kwantar da ɗanki. Ke ce mai amsar “ba yanzu ba”. Ki kuma yi shawara da maigida tun da wuri, kada zancen ya iske shi a majalisa. Garuruwanmu ƙanana ne. Direban da ya kawo masu ganawar daga Maraɗi yana iya zama abokin shan shayin mai shagonku, kuma zancen duniya ba ya ɓuya. Don haka ko kin ce a jira, ki shirya abin da za ki faɗa in labari ya riga ki isa.

Akwai kuma wadda tsakaninta da shugabanta ya yi tsami: ana riƙe mata albashi, ko ya neme ta da abin da bai dace ba ta ƙi. Kin san in an kira shi ba alheri zai faɗa ba. Duk da haka kada ki zauna gaban baƙi kina zazzage masa. Baki shi ke yanka wuya, su kuma ba su san wa ke da gaskiya ba. Ki faɗi abu guda, a taƙaice, wanda za ki iya tsayawa a kansa: “Akwai saɓani tsakaninmu kan albashin wata uku da ba a biya ni ba. In kun kira shi, ina roƙo ku kira wance ma, ita ce ke duba aikina kullum.” Shi ke nan, ki yi shiru. Maganar haƙƙinki kuwa tana da wurinta, ofishin sufeton ƙwadago a Maraɗi, kuma kai kuka can ba a biyan ko dala.

Su wa za ki ba da sunansu?

Mai shaida shi ne wanda ya ga aikinki da idonsa kuma ba jininki ba ne. Maigida, yaya, kawu, kishiya, duk a ajiye su gefe, ko da sun fi kowa sanin ki. Ki duba cikin waɗannan: shugaban wurin da kika yi aiki a da, manjon likitar da kika taimaka wa lokacin rigakafi ko awon yara, daraktan lakwal in kin yi kwamitin iyaye mata, mai duba cibiyoyin yaƙi da jahilci, ma'aikaciyar porje da ta horar da ku, shugabar ƙungiyarku ta asusu. Mai gari ko liman suna shaidar mutunci da zama lafiya, yana da kyau, amma a haɗa su da wanda zai iya cewa, “Na ba ta rajista ta riƙe shekara biyu, ban taɓa samun kuskure ba.”

Kada ki rubuta sunan kowa ba ki gaya masa ba. Zuwa da kai ya fi saƙo: ki taka ki same shi, ki gaya masa irin aikin da kike nema da wanda zai kira. Ki tuna masa shekarar da kuka yi aiki tare da abin da kika riƙe, domin manjon da ya yi aiki da mata hamsin ba lalle ya tuna wace ce wace ba, balle mu da sunanmu na takarda daban, wanda ake kiranmu da shi a gari daban. Ki gaya masa sunan da ke kan dosiyenki. Sau nawa aka kira aka ce, “Ka san wance?” mutum ya ce bai san ta ba, alhali kullum suna tare, lakabinta kawai ya sani.

Sai maganar lamba. Ki gwada ta da kanki ki ji tana shiga. In garinsu sai an hau tudu ake samun layi, ki karɓi lamba ta biyu, ki kuma rubuta lokacin da aka fi samunsa. Ki roƙe shi ya ɗauki baƙuwar lamba cikin makon nan. In Hausa kaɗai shugabarku ke ji, ki rubuta haka a gefen sunanta don su sa mai jin Hausa ya kira. Wannan ba abin kunya ba ne.

Takarda ba ta mantuwa

Abin da ke rage dogaro da bakin mutum guda shi ne takarda. Dokar ƙwadago ta ƙasarmu, wadda aka sa wa hannu ranar 25 ga Satumba 2012, ta wajabta wa mai ba da aiki ya ba ma'aikaci takardar shaidar aiki ranar da suka rabu, ko shi ya sallame ki ko ke kika tafi. Abin da ake rubutawa a ciki ƙayyadadde ne: ranar da kika shiga, ranar da kika fita, da irin ayyukan da kika riƙe. Ba shi da damar ƙara baƙar magana a kai. Mata da yawa sun bar wurare ba su karɓi wannan takarda ba, yau porjen ya rufe, ma'aikatan sun watse, wani yana Difa wani yana Yamai. In kina da irin wannan wuri a baya kuma ofishinsu na nan, ki koma ki nema tun akwai mai tuna fuskarki.

Wadda ke bakin aiki yanzu, ga dubara: ki nemi atestasiyo a lokacin da ba ki neman komi, misali ƙarshen shekara, ki ce kina son ki ajiye cikin takardunki. In kika bari sai ana gobe ganawa, kin tona kanki. Kowane horo da aka yi muku, ko na kwana uku ne kan haɗa kunun yara ko sassaben zamani, ki tambayi takardarsa kafin a watse. Ki sa su cikin leda, ki sa a akwatin ƙarfe, don gara da ɗigon damina ba su san wahalar da kika sha ba. Ki yi hotokofi, a buga miki hatimi a ma'aikatar magajin gari. Kwafi ake bayarwa, ta asali tana komawa gida tare da ke.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

Da yawa daga cikinmu ba su taɓa aikin albashi ba, amma sun riƙe amana shekara da shekaru. Wadda ta ajiye akwati zagaye biyar ba a rasa ko dala ba tana da abin nunawa. Ƙungiya tana iya rubuta mata takardar shaida. A sa sunan ƙungiya da garinta, shekarar da matar ta shiga, muƙamin da ta riƙe da tsawonsa, yawan matan da ke ciki, da yadda ta biya basussukanta. Shugaba da magatakarda su sa hannu ko su dangwala, a sa lambar salula, in ƙungiya na da takardar izini daga magajin gari a ambata. A karanta ta a gaban taro kafin a ba ta, kamar yadda muke yi da kuɗi.

Amma fa a ji tsoron Allah. Wadda ta wahalar da ku wajen biyan bashi, kada ku rubuta cewa ba a taɓa jin kanta ba don tana ɗiyar shugaba. Ku rubuta abin da yake gaskiya a kanta, ko ku ba ta haƙuri. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ranar da aka kama takardarku guda da ƙarya, duk wadda ta fito daga ƙungiyarku bayan nan ta yi asara. Haka ke mai nema: kada ki ce ba ki aiki ko'ina don ki kauce wa tambayar, kada kuma ki ba da lambar ƙaninki ki ce shi ne shugabanki. Ana gane wa, kuma ko an riga an ɗauke ki, dalilin kora ne.

Ranar da aka ce ke ce

Kiran waya da “barka, ke muka zaɓa” bai zama aiki ba tukuna. Ki nemi a ba ki a rubuce: wane aiki, nawa ne albashi, wata nawa, yaushe za a fara. Ganin hadari ba ya sa a yi wanka da kashi. Mun ga waɗanda aka yi wa barka, kuɗin porje bai sauka ba, aka ce a dakata har yau.

In takarda ta zo, ki je wurin shugabanki ke da shi, ba a gaban mutane ba, ba kuma ta saƙon salula ba. Ki fara da godiya: “Alhaji, na zo in gode maka ne, a wurinka na koyi aikin nan. Allah ya buɗa mini wata hanya, na ce ba za ka ji a bakin kowa ba sai nawa. Za su kira ka su tambayi halina, ina roƙon ka faɗi abin da ka gani.” Ko ransa bai so ba, da wuya mutum ya ɓata wadda ta zo masa haka. Ki ba shi wa'adi. Ga mai karɓar albashin wata, galibi wata guda ne, amma ki duba abin da kwantaraginki ya ce, ki kuma faɗa wa sabon wurin tun ranar ganawa don su san lokacin da za ki iya farawa. Kafin ki fita ki damƙa makulli, rajista da kaya a gaban shaida, a ƙirga, a rubuta. In da hali ki koya wa wadda za ta gaje ki. Aikin porje na shekara ɗaya ne ko biyu, ƙofar da kika fita ta ita wata rana za ki iya dawowa ki ƙwanƙwasa.

Hattara guda kafin in rufe. In wani daga cikin masu ganawar ya kira ki da dare ya ce shaidarki ta zo da matsala amma yana iya gyarawa in kin kawo wani abu, ko in kin same shi a masauki, wannan ba bincike ba ne. Ƙungiyoyin kirki suna rubutawa a jikin shelarsu cewa neman aiki a wurinsu kyauta ne. Kada ki je, kada ki aika ko dala. Ki ajiye lambar da saƙon, ki gaya wa shugabarku, a kai maganar ga shugabannin wurin ta lambar kai kuka da suke liƙawa.

Aikin wannan wata

A zamanku mai zuwa, bayan an gama zubi an rufe akwati, ku ɗauki minti 15. Mata uku su zauna kan tabarma guda su zama masu tebur, ɗaya ta shigo da sallama ta zama mai neman aiki. A yi mata tambayar, a matsa mata, a ga yadda za ta fita. Za a sha dariya, amma bakin da ya faɗi magana sau uku a gaban ƴan uwa ba ya rawa a gaban baƙi. Ku sa ƴan matanku masu birbe da waɗanda suka gama horon ɗinki ko na kiwon lafiya su zo su kalla. Sannan kowace ta tafi gida da wannan: in an ce yau ki kawo mutum uku da suka san aikinki, su wa za ki kira? Wadda ta rasa na uku, ta san abin da za ta nema kafin rani ya shigo.

Masu karatu, ku karanta wa waɗanda ba su kai ga yi ba tukuna. Mai tambaya ta ba wakiliyar yankinku, za ta iso gare ni, ba kuma za a buga sunan kowa ba. A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu duba kwantaragi layi-layi: abin da ya kamata ki gani a ciki kafin ki sa hannu.

Allah ya ba masu nema sa'a, ya bar mu da mutuncinmu.